Akwatin Alkawari da Allunan Habasha da Ke Kulle a Landan

A cikin taskar babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai waɗansu alluna guda 11, na itace da na dutse, waɗanda ba a nuna wa jama'a, har ma'aikatan gidan ba su da iznin buɗe su su duba. Daga Habasha aka kwaso su a shekarar 1868. Mutanen can suna kiran kowanensu tabot, kuma wanda zai gane dalilin wannan ɓoyo sai ya koma can baya, zamanin Annabi Musa.

Littafin Fitowa na cikin Attaura ya ce an umarci Musa ya sa a ƙera akwati na itacen ƙirya, tsawonsa kamu biyu da rabi, faɗinsa da tsayinsa kamu ɗaya da rabi, a dalaye shi da zinariya ciki da waje. Aka yi masa zobba huɗu inda ake zura sandunan ɗauka, don kada hannu ya taɓa shi, bisa murfinsa kuma siffofin kerubobi biyu masu fikafikai. A ciki aka ajiye allunan dutse biyu na dokoki goma. Wasiƙar Ibraniyawa ta Sabon Alkawari ta ƙara da tulun zinariya mai manna da sandan Haruna. Wannan shi ne Akwatin Alkawari, wanda Alƙur'ani ya ambata da sunan Tabut cikin Suratul Baƙara, a labarin Ɗalutu. Kwarjininsa kuwa ba na wasa ba ne. An ba da labarin wani Uzza da ya miƙa hannu ya tare shi sa'ad da shanun da ke jan kekensa suka yi tuntuɓe, nan take ya faɗi matacce.

Annabi Sulaimanu ya sa shi a ƙuryar Haikalin Urushalima, daga nan sai labarinsa ya fara dusashewa. Da Nebukadnezzar, Sarkin Babila, ya rushe Haikalin wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, an lissafa ganimar dalla-dalla, har tukwane da cokula, amma ba a ambaci akwatin ba. Littafin Ezra ya ce Sarki Sairus na Farisa ya mayar da kayan zinariya da azurfa 5,400, nan ma babu shi. Waɗansu malaman Yahudawa suka ce Sarki Yosiya ne ya ɓoye shi tun kafin yaƙin, littafin Makabiyawa na biyu kuwa ya ce Irmiya ne ya kai shi wani kogo a dutsen da Musa ya hau ya hangi ƙasar alkawari. Haikali na biyu dai ƙuryarsa fayau take. Sauran kayan Rumawa suka kwashe a shekara ta 70, har yau kuma ana ganin siffar alkukin nan mai rassa bakwai a sassaƙe jikin ƙofar tunawa da nasarar Titus a birnin Rum.

To, Habashawa suna da tasu amsar, kuma ba su ɗauke ta tatsuniya ba. Littafinsu Kebra Nagast, wanda aka tsara a ƙarni na 14, ya ce Sarauniyar Saba, wadda suke kira Makeda, Musulmi kuwa suka sani da Bilkisu, ta haifa wa Sulaimanu ɗa mai suna Menelik. Da ya girma ya ziyarci mahaifinsa, a hanyar komowa sai ya tarar 'yan rakiyarsa sun ɗauko akwatin a asirce. Cocin Habasha ta ce yana Aksum, cikin wani ɗan ɗaki kusa da cocin Maryam Siyon. Mutum ɗaya ne tak ke tsaronsa, mai zuhudu, ba ya barin harabar har ya mutu, ba wanda ke shiga sai shi. Wani masani Bature, Edward Ullendorff, ya ce shi ya gani a 1941, wai akwatin itace ne ba kome ciki, ƙirar zamanin baya-baya. Wannan magana ba ta rage kome ga masu ibada ba.

Abin da ya fi wannan gardama nauyi shi ne kowace cocin gargajiya ta Habasha tana da nata tabot, watau allo mai wakiltar na Musa, kuma shi ake tsarkakewa. In babu shi, ginin ɗaki ne kawai. Limaman coci kaɗai ke ganinsa. A bikin Timkat na watan Janairu sukan naɗe shi da tufafi masu ado, su ɗora bisa kai ƙarƙashin laima, jama'a na biye da kiɗa da waƙa, amma ba mai ganin abin da ke cikin naɗin.

Irin waɗannan ne sojan Ingila ƙarƙashin Janar Robert Napier suka wawashe da suka ci Magdala a 1868, bayan Sarki Tewodros ya harbe kansa don kada a kama shi. An ce giwaye 15 da alfadarai wajen 200 ne suka ɗauki ganimar. A 2001 wani limamin coci a Edinbara ya ci karo da allo ɗaya cikin kabad, aka mayar da shi Adis Ababa a 2002, jama'a suka cika tituna suna tarbarsa. Cocin Westminster ma, mai allo ɗaya a manne jikin bagadi, ta ce a 2024 ta yarda da batun mayarwa.

Gidan tarihi na Birtaniya kuwa ya daɗe yana fakewa da dokar 1963 wadda ta hana shi rabuwa da kayansa, ya fi son maganar ba da aro. Hujjar tana da rauni, gama dokar nan ta yarda a fitar da abin da bai dace a riƙe ba, in fitar da shi ba zai cuci masu nazari ba. Allunan nan 11 kuwa ba ɗalibin da aka bari ya nazarce su, ba baƙon da aka bari ya kalle su.