Abin da masu doguwar jinya ke nema a littattafan soyayya da na masu shan jini

A cikin littafin Dracula, wanda Bram Stoker ya fitar a 1897, akwai wata budurwa mai suna Lucy Westenra da kan kwanta da sauƙi, ta wayi gari jiki ya saki, leɓɓa sun yi fari, ko kai ba ta iya ɗagawa. Likitan da ke duba ta ya rasa gane ciwon, har ya kira tsohon malaminsa daga ƙasar Holan. Sau huɗu aka yi mata ƙarin jini daga jikin maza huɗu, na farkonsu shi ne saurayin da za ta aura. Duk sa'ad da aka ƙara mata sai ta farfaɗo, ta yi hira, ta ci abinci, bayan 'yan kwanaki kuma jinin ya sake ƙarewa. A labarin, wata gawa ce da ke tashi da dare take zuƙe ta, irin halittar da Turawa ke kira bamfaya.

Mai lafiya yakan karanta wannan babi don jin daɗin tsoro. Mai amosanin jini, wato sikila, zai iya karanta shi kamar katinsa na asibiti. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120 suna aiki, na mai sikila kuwa sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da shi, ƙarin jini kuma ya zama abin da danginsa suka sani sarai, da neman mai bayarwa cikin dare da jiran sakamakon gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 da wannan cuta a Najeriya kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Daga cikin waɗanda suka girma da ita akwai masu aiki a ma'aikatun gwamnatin tarayya, suna fitowa daga Kubwa ko Nyanya da sassafe kamar kowa, ba tare da abokan aikinsu sun san irin daren da suka kwana ba.

Doguwar jinya aba ce ta jira. Akwai jiran layin ganin likita, akwai sa'o'i huɗu da mai wankin ƙoda ke yi a kwance sau biyu ko uku a mako, akwai daren da zogi ya hana barci. A irin waɗannan sa'o'i littafi kan shigo, a takarda ko a waya, kuma ba lallai ya zama littafin nasiha ba. Idan aka ga majinyaci riƙe da labarin soyayya ko na masu shan jini, akan yi masa kallon mai ɓata lokaci. Tarihin waɗannan littattafai yana nuna cewa zaɓin nasa yana da dalili, domin daga ɗakin jinya da yawansu suka fito.

Yadda cuta ta haifi mai shan jini

Wanda ya rubuta labarin bamfaya na farko da ya yi suna a Turanci, John Polidori, likita ne, kuma labarin nasa ya fito a 1819. A wancan zamani tarin fuka yana cinye gidaje ɗaya bayan ɗaya a Turai da Amurka. Mutum zai rame, ya yi fari, ya riƙa tofar da jini, bayan ya mutu kuma wani a gidan ya kama hanya ɗaya. Da yake ba a san ƙwayar cutar ba, wasu ƙauyawa suka ɗora laifin a kan wanda ya riga mutuwa.

A garin Exeter na jihar Rhode Island, wata budurwa 'yar shekara 19 mai suna Mercy Brown ta mutu da tarin fuka a farkon 1892, bayan mahaifiyarta da yayarta sun rigaye ta da ciwo ɗaya. Da ɗan'uwanta Edwin ya ƙara rikicewa, sai aka tono gawarta, aka ƙona zuciyarta, aka jiƙa tokar aka ba shi ya sha. Ya mutu bayan wata biyu. Wannan ya faru shekara goma bayan Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a Jamus a 1882. Bahaushe ba zai rasa gane wannan tunani ba, domin yaron da ke ramewa ba dalili an sha cewa maye ne ya kama masa kurwa, matar da 'ya'yanta ke mutuwa a jere kuma a ce wabi take yi. Ko'ina, ciwon da aka kasa fassarawa yakan sa a nemi wanda za a ɗora wa.

Marubutan baya sun juya labarin, suka sa mai shan jinin ya ba da labarinsa da bakinsa. Anne Rice ta rubuta Interview with the Vampire, wanda ya fito a 1976, bayan sankarar jini ta kashe 'yarta a 1972 tana da shekara biyar. A littafin akwai Claudia, yarinyar da aka mayar bamfaya tana ƙarama, hankalinta ya girma ya zama na babbar mace, jikinta ya tsaya a na yarinya. Matashi mai sikila da girmansa ya yi jinkiri, wanda ake yi wa kallon ƙanin tsaransa, ya san wannan baƙin ciki ba tare da an yi masa bayani ba. Ita kanta Rice ta faɗi a sume a 1998, aka gano tana da ciwon suga, ta rayu da shi har ƙarshen rayuwarta a 2021.

Haka kuma a Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, jarumin Edward yaro ne ɗan shekara 17 da ke gab da mutuwa a wani asibitin Chicago lokacin annobar mura ta 1918, likitan da ke duba shi ne ya mayar da shi bamfaya. Rayuwar irin wannan jarumi cike take da dokoki: abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, lokacin fita, sirrin da zai ɓoye wa makwabta, da buƙatar da ba ya iya biya wa kansa sai da jinin wani. Wanda ke lissafin ƙwayoyin magani, yana gudun sanyin hunturu da dukan ruwan sama, yana tunanin ko ya gaya wa shugabansa a ofis gaskiyar halinsa ko ya yi shiru, yana ganin kansa a nan. Bambancin shi ne a littafi mai wannan jiki na daban shi ne mai ƙarfi, shi ne kuma wanda ake so. Babu mai karatun da ke ɗaukar tashin gawa a matsayin gaskiya, kamar yadda yaran da aka yi wa tatsuniyar Dodo ba su girma suna neman kogonsa ba.

Labarin da aka san ƙarshensa

Littafin soyayya na Turawa yana da ƙa'ida da marubuta da masu karatu suka amince da ita: duk wahalar da masoya za su sha, labarin zai ƙare suna tare. Masu suka suna ganin wannan a matsayin rauni. Ga wanda bai san yadda jikinsa zai wayi gari ba, wanda ya sha soke tafiya da biki saboda ciwo ya tashi, sanin ƙarshen labari tun daga shafin farko hutu ne.

Janice Radway, malamar jami'a a Amurka, ta tattauna da mata 42 masu karanta irin waɗannan littattafai, ta fitar da sakamakon a littafinta Reading the Romance a 1984. Ta gano cewa matan, waɗanda ke wuni suna hidimar miji da 'ya'ya, suna ɗaukar lokacin karatu a matsayin lokacin kansu, kuma abin da ya fi jan su shi ne jarumin da a ƙarshe ke kula da jarumar da tausayi. Majinyaci yana samun kulawa, amma sau da yawa kulawa ce mai haɗe da tausayi da lissafin kuɗi, wadda ke sa shi jin ya zama nauyi. Littafin soyayya yana nuna masa kulawar da so ya haifar.

Masu karatun Hausa ba baƙin wannan fage ba ne. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya cika da labaran so da aure, daga Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. An sha zargin littattafan da ɓata tarbiyya, har an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007, amma karatunsu bai tsaya ba, ya dai koma waya. Abin da ke raba masoya a yawancinsu shi ne talauci ko auren dole ko kishiya.

A yau akwai wani shinge da ya fi waɗannan wuyar tsallakewa, wato takardar gwajin jini. Idan namiji mai AS ya auri mace mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ɗa mai SS. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na nau'in jini. Dokar tana kare yaran da ba a haifa ba, amma budurwa mai SS da ta riga ta girma ita ce ke ganin manema suna janyewa da zarar an ambaci sakamakon, ko da mai neman AA ne wanda 'ya'yansu ba za su gaji ciwon ba. Tambayar da take ɗauke da ita, ko za a so ta a yadda take, ita ce ainihin tambayar kowane littafin soyayya.

Wasu marubuta sun fara amsa ta kai tsaye. Talia Hibbert, 'yar Birtaniya, ta fitar da Get a Life, Chloe Brown a 2019, jarumarsa tana fama da ciwon da ke sa zogi a tsoka da gajiya marar ƙarewa, irin wanda marubuciyar ke da shi. Labarin ya ƙare da soyayya, ciwon kuma yana nan bai tafi ba. A gida Najeriya, Ayobami Adebayo ta rubuta Stay With Me a 2017, labarin ma'aurata a Ilesha da sikila ta ɗauke musu 'ya'ya, dangi kuma suka fassara abin da abiku, takwaran wabi a wurin Yarbawa. Wannan ba littafin hutu ba ne, amma ya nuna cewa ciwon yana da gurbi a adabi.

Inda littafi ke yaudara

Akwai abin lura. A labaran bamfaya, cizo ɗaya ke kawar da ciwo har abada, a wasu labaran soyayya kuma majinyaciya takan warke da zarar ta sami miji, ko ta mutu don jarumi ya koyi darasi. Duka biyun suna koya wa mai karatu cewa rayuwa da ciwo ba cikakkiyar rayuwa ba ce. A zahiri, maganin gyaran ƙwayoyin halitta na Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, an sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Abin da ke hannun mai albashin gwamnati shi ne shan ruwa da yawa, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da magunguna irin su folik asid da haidroksiyuriya bisa umarnin likita.

Likitocin zogi sun san cewa karkatar da hankali yana rage jin ciwo, don haka shafi mai jan hankali yana taimakawa. Taimakon yana da iyaka. Zazzaɓi mai zafi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko shanyewar wani sashe na jiki, alamu ne na a rufe littafi a nufi asibiti nan take.

Ga abokan aiki da shugabannin ofis, babin Lucy yana da wani gefe da ya shafe su. Stoker ya rubuta shi shekara huɗu kafin Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a 1901, lokacin da ƙarin jini caca ne da rai, amma duk da haka maza huɗun nan suka naɗe hannun riga. Yau ana gwada jini kafin a ƙara, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ɗibar kuma ba ta wuce mintuna kaɗan. Namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu. Ranar masu ba da jini ta duniya ita ce 14 ga Yuni, ranar haihuwar Landsteiner, ta masu sikila kuma 19 ga Yuni, kwana biyar tsakani.