Shingen makiyayar doki: wanne ya dace?

Doki dabba ce mai saurin firgita. Idan ya tsorata, gudu yake yi ba tare da duba gabansa ba, kuma fatar ƙafarsa ba ta da kauri. Shi ya sa shingen da ya isa tsare shanu kan iya raunata shi.

Abu na farko da za a guje wa shi ne waya mai ƙaya. Tana yage fata da jijiya, kuma ta irin wannan rauni cutar tetanus ke shiga, wadda dawaki ba su da juriyarta. Siririyar waya ma haɗari ce, domin doki a guje ba ya ganinta.

Katako ko bututun ƙarfe sun fi dacewa. Tsayin shingen ya kai kamar mita 1.5, a kafe allunan ta ciki don kada ƙusa ta zare idan doki ya jingina. A ƙasarmu gara ce matsalar katako, don haka a yi wa ginshiƙai magani ko a yi su da siminti. In ragar waya za a sa, idonta kada ya wuce faɗin santimita 5, don kofato ya kasa shiga.

Masu son shingen tsirrai su nisanci bini-da-zugu da zurma, domin 'ya'yansu guba ne. Bayan kowace iska mai ƙarfi ta damina, a zagaya a duba abin da ya karye.