Igiyar ɗaure kaya dabam, igiyar ɗaukar rai dabam

Duk kasuwar kan iyaka da mutum ya shiga, tun daga Ɗan Isa da Birnin Ƙonni har zuwa Gaya, ba ya rasa rumfar masu igiya. Ga shuɗiya, ga ruwan ɗorawa, ga fara, an jera su ƙunshi-ƙunshi. Direban kamyo zai saya ya ɗaure buhuna, mai rijiya ya saya don guga. To amma akwai mai sayen da ransa ne zai rataya a jikinta: makiyayin da ke hawa gawo da rani don sassaɓo wa dabbobi ganye, da mai hawa giginya a yankin Gaya, da mai rage rassan dogon yaro kafin iskar farkon damina ta kayar da su bisa rufin mutane.

A kasuwa duk igiyar da ba ta rama ko kaba ba ce, “nailan” ake ce mata. Alhali iri uku ne. Wadda ta fi yawa kuma ta fi araha ita ce polipropilen. Ba ta da nauyi, sai dai rana na cinye ta har ta riƙa yin gari a hannu, kuma in ta gogi reshe da ƙarfi zafi na narkar da ita. Nailan na ainihi yana da ƙarfi kuma yana miƙewa, amma ƙarfinsa na raguwa in ya jiƙe. Ta uku, poliyesta, ba ta miƙewa sosai, tana kuma jure rana, shi ya sa masu aikin itatuwa a Turai suka fi dogara da ita. Gwajin ba wuya: yanki ɗan guntu ka jefa a bokitin ruwa. Polipropilen zai taso sama, sauran biyun su nutse.

A Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 1891 kan igiyar ɗaukar mutum. Mai daraja ta farko sai ta jure kimanin kilo 2,200 kafin ta tsinke. Kaurin wadda masu hawa itace ke amfani da ita yakan kama daga milimita 11 zuwa 13. Wani zai ce, mutum mai kilo 70 me zai yi da wannan ƙarfi? Dalili shi ne ƙulli kaɗai na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin igiya, wani lokaci har rabi. Sannan in mutum ya zame ko reshe ya faɗo da fizga, nauyin da ke sauka kan igiyar ya ninka na ainihi sau da yawa. Saboda haka masu sana'ar ba sa ɗora mata fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta.

Babbar dokarsu kuwa ita ce, igiyar da ta sauke reshe ko ta ja mota, ba a sake hawa da ita, don tana iya gajiya daga ciki alhali bayanta lafiya lau. Haka ma wadda ta kwana kusa da batirin mota, domin ruwan batir na cin nailan ba tare da ido ya gani ba. Kafin hawa, a bi ta da hannu daga baki zuwa baki. In an ji wuri ya yi tauri, ya sirance ko ya yi gashi, a mayar da ita turken awaki.

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, tambaya ɗaya ce ta rage gare mu: “Malam, me za ka yi da ita?” In ya ce hawa, kuma ta ɗaure kaya kaɗai gare ka, faɗa masa gaskiya ko da cinikin zai wuce ka. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, balle a saman giginya. Allah ya kiyaye.