Kogin Haɗeja Na Bukatar Masu Sanin Ruwa Da Doka

A ƙauyukan da ke bakin mashigar Marma, tsakanin Haɗeja da Nguru, kogi ne ke raba wa kowa lokacinsa. Manomi kan shuka shinkafa da ruwan farko, ta yi ta tashi tare da ambaliya. Masunci ya kafa dumba, shingen kama kifi. Idan ruwa ya janye a bi danshinsa da wake, makiyayi ya sauko da shanu da rani, mata su yanki kaba su saƙa tabarma. Fadama ɗaya ke ciyar da su duka. Tsarin ya fara rikicewa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar shekara ta ragu, ruwa ya koma kwarara kaɗan-kaɗan rani da damina, kuma abin da ciyawar kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsun jan-baki mai cinye hatsi. Wani gari ruwa ya kwanta masa a gona ya ƙi tafiya, wani kuma ta wajen Gashuwa yana jiran ruwan bai iso ba.

Saboda haka nake ganin matashin da ya zaɓi aikin kare wannan kogi ba zai yi nisa da ilimi guda ba. Dole ya iya auna ruwa, ya san lokacin da aka buɗe ƙofar madatsa da abin da hakan zai jawo a ƙasa bayan 'yan makonni. Dole kuma ya san wanda aka zalunta da inda za a kai kukansa. Idan kacala ta cinye makiyaya, shanu za su faɗa gona, sai maganar ta ƙare a gaban bulama ko alƙali da sunan rikicin manoma da makiyaya, alhali tushenta na can sama, a hannun wanda ke sakin ruwa. Lauyan da bai san kogi ba zai sasanta faɗan bana, baɗi a sake. Injiniyan da bai san haƙƙi ba zai share kacala ya bar tambayar wa ke da gonar da ta fito. Ga doka kuwa a ƙasa: Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2010 cewa samun ruwa mai tsafta haƙƙin ɗan Adam ne, sashe na 24 kuma na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokarta, ya ba al'umma haƙƙin muhalli mai kyau.

Za a ce Kano ma na shan ruwan nan, manoman Kadawa da Kura da shi suke noman rani. Gaskiya ne, ba wanda ke neman a rushe Tiga. Abin nema shi ne a saki ruwa a kan ƙa'ida, a lokacin da fadama ke bukatarsa, a kuma sanar da na ƙasa kafin a buɗe. Masana tattalin arziki da suka kwatanta amfanin ɓangarorin biyu sun gano cewa ruwan da aka bar wa fadama ya fi wanda aka tare wa noman rani riba, idan aka haɗa kifi da itace da amfanin gona.

Wasu kuma na cewa aikin na Turawa ne masu son tsuntsaye, kuɗinsu na yankewa aiki ya tsaya. Zargin na da tushe. Shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987 ƙungiyoyin waje ne suka ɗauki nauyinsa, tsuntsayen da ke zuwa Dagona, cikin dausayin, daga Turai kuma su suka ja hankalinsu. Amma tun 2006 jihohin da kogin ya ratsa suka kafa asusu na haɗin gwiwa domin kula da shi, kuma asusu ba ya aiki sai da ma'aikata 'yan ƙasa masu jin Badanci da Fulatanci da Barbarci. Jami'o'in tarayya na Dutse da Gashuwa suna kusa da wannan fadama. Su haɗa ɗaliban kimiyyar ruwa da masu koyar da doka da haƙƙin ɗan Adam, su tura su ƙauyukan Marma su zauna damina guda kafin a ba su takardar kammalawa.