YADDA AKE CIRE SIFIRIN DAGA SHAKAZOBAR BABUR

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san wahalar da babur ke sha. Daga ƙauyukan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, har da na ƙasar Nijar, za ka ga babura ɗauke da buhunan gero da riɗi, wani ma da akuya ɗaure a baya, suna ratsa rairayi da gargada. Abin da ke ɗauke da nauyin nan shi ne shakazoba guda biyu na baya. A hutun da ya wuce na yi zaman koyo a garejin kawuna, shi ya sa nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda ake raba ta da sifirin ɗinta.

Shakazoba kashi biyu ce. Akwai sifirin, watau murɗaɗɗen ƙarfen nan na waje mai ɗaukar nauyi. Akwai kuma bututun mai a ciki, da sandar da ke shiga tana fita, wanda ke hana babur tsalle bayan ya faɗa rami. Akan cire sifirin in ya karye, ko ya saki, ko in ana son a duba sandar.

To, ga inda haɗarin yake. Sifirin ɗin nan da ka gani shiru, a matse aka ɗaure shi tun daga masana'anta. Malaminmu na kimiyya ya koya mana ƙa'idar da Robert Hooke na Ingila ya buga a 1678, cewa gwargwadon matsin da ka yi wa sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai ture ka da shi. Misali, in nauyin kilo 20 ke matse shi santimita 1, to mai matsin santimita 2 yana riƙe da ƙarfin kilo 40. A gabana wani yaron gareji ya matse shi da tsohuwar waya, ta tsinke, hular ƙarfen ta yi sama ta fasa masa leɓe. Da ido ta samu, da sai dai labari. Raina kama ka ga gayya!

Ga yadda kawu ya koya mini. Da farko a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a kwance notin sama da na ƙasa, a zaro shakazoba ɗaya, a bar ɗayar tana riƙe da taya. A wanke ta sarai, don yashi maƙiyin sandar ne. A ƙasanta akwai zobe mai matakala, sai a juya shi zuwa mataki mafi laushi, matsi ya ragu. Sa'an nan a ɗaure gindinta a bayis.

Daga nan sai a kawo abin matsi, watau ƙarafa biyu masu zare da ƙugiya. A maƙala ɗaya dama ɗaya hagu, a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan kaɗan, har sifirin ya sauka, notin da ke ƙarƙashin hula ya bayyana. A riƙe notin da sufana, a murɗe kan na sama ya fita. Wata shakazobar kuwa ba noti gare ta ba, sai ɓarin zobe biyu da ake zarewa. Kada ka kuskura ka sa fuskarka saitin kanta. In kan ya fita, sai a sassauta abin matsin a hankali, yadda aka ɗaure shi, har sifirin ya miƙe.

Kafin a mayar, a tura sandar da hannu. In ta shige salin-alin ba turjiya, ko ana ganin yoyon mai, ko ta lanƙwashe, to ta mutu, sabon sifirin ba zai tashe ta ba. Kada a huda bututun ko a kai shi kusa da wuta, don wasu akwai matsattsen gas a ciki. In za a sake, a sake duka biyu, in ba haka ba babur zai riƙa karkata.

Kawu ya ce mini, "Ɗana, wanda ba shi da abin matsi, ya kai wa mai shi." Kuɗin aikin bai kai na asibiti ba. Allah ya kiyashe mu, amin.