Fassarar Kanti daga Sifaniyanci zuwa Faransanci: Batun Rebajas da Soldes

Sifaniyanci da Faransanci harsuna ne 'yan'uwa, dukkansu daga Latin suka samo asali. Wannan kusanci kan sa mutum ya zaci fassara tsakaninsu ba ta da wuya. A fagen cinikin ɗaiɗai, wato kantunan tufafi da abinci da kayan gida, lamarin ba haka yake ba, domin abin da mai fassara ya rubuta yakan zama magana a gaban shari'a.

Tushen buƙatar aikin doka ce. Tun 1994, dokar da aka fi sani da Dokar Toubon ta wajabta amfani da Faransanci a bayanin kaya da umarnin amfani da takardar garanti da talla ga duk abin da za a sayar a Faransa. Saboda haka kamfanin Sifaniya irin su Inditex, mamallakin Zara, wanda ya buɗe kantinsa na farko a Paris a 1990, ba shi da zaɓi. Manyan kamfanoni suna da ma'aikatansu. Ƙananan masu sayar da takalma ko man zaitun kuwa sukan nemi mai fassara mai zaman kansa, wanda galibi ake biya bisa adadin kalmomi.

Kalmar rebajas ta isa misali. A Sifaniya tana nufin lokacin rangwamen farashi, kuma tun 2012 doka ta bar wa kowane ɗan kasuwa ya zaɓi lokacinsa. Ƙamus zai ba da soldes a matsayin takwararta, amma a Faransa wannan kalma tana da takunkumi. Sau biyu a shekara ake yin soldes, a watan Janairu da kuma farkon lokacin zafi, makonni huɗu kowanne, a ranakun da hukuma ta tsayar. Dokar kasuwanci ta tanadi tarar yuro 15,000 ga wanda ya yi amfani da kalmar ba a muhallinta ba. Idan kantin Valencia ya shirya rangwame a watan Oktoba a shafinsa na Faransanci, mai fassarar da ya san aikinsa zai rubuta promotions, sannan ya bayyana wa mai kaya dalili. Na'urar fassara, wadda yanzu ake yawan ba shi aikinta ya gyara a farashi mai rahusa, ba lallai ta lura da wannan ba.

Akwai kuma kalmomi masu kama da juna da ke yaudarar ido. Constipado a Sifaniyanci mai mura ne, constipé a Faransanci kuwa wanda cikinsa ya ɗaure. A kwalin magani ko shayi, wannan kuskure ba abin dariya ba ne. Haka abinci: dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta lissafa abubuwa 14 masu tayar da borin jini waɗanda dole a fito da sunansu fili.

Tafinta, wanda ake ɗauka a bajekoli irin su Alimentaria a Barcelona ko SIAL a Paris, matsalarsa ta ladabi ce. Ɗan kasuwar Sifaniya yakan yi saurin kiran abokin ciniki da tú, na sabo da sakin jiki, alhali Bafaranshe yana jiran vous na girmamawa har sai an saba. Tafinta yakan mayar da tú zuwa vous ba tare da an umarce shi ba, ya ci gaba da hakan har Bafaranshen da kansa ya sauya.