Watannin da aka kashe sabis a Batsari da Safana

Yau zancen sabis ɗin waya za mu yi, da wanda ke da ikon kashe shi.

A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya. Bayan 'yan kwanaki abin ya iso Katsina, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari. Ƙananan hukumomi 13 aka rufe, ciki har da Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu. Hujjar gwamnati ita ce 'yan bindiga da waya suke karɓar rahoto daga infoma, da waya kuma suke cinikin kuɗin fansa. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis a jihar.

Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma fa layin da infoma ke kira da shi, shi ne dai wanda mutumin ƙauye ke buga wa ƙauyen gaba ya ce ga babura nan tafe, ku kwashe yara. Shi ne ake kiran jami'an tsaro da shi. Da aka kashe shi, mai POS ya zauna ba ciniki, ɗan da ke Legas ya rasa yadda zai ji ko iyayensa sun kwana lafiya, wasu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samu inda kira zai shiga. Hari kuwa in an kai, labarin sai wani ya kawo shi da ƙafa.

To me doka ta ce? Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki da na karɓar bayani. Sashe na 37 ya kare sirrin gidanka da hirarka ta waya. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan saboda tsaro, amma da sharaɗi: sai ta hanyar doka, kuma dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar dimokuraɗiyya. Shi ya sa ni nake ganin duk ranar da za a sake irin wannan, haƙƙinmu ne mu tambaya: wace doka? Zuwa yaushe? Wa zai auna ko ya yi amfani?

Mu ma akwai namu, kuma wallahi ba ƙarami ba ne. Wani da ya ga motocin sojoji sun nufi hanyar Runka, sai ya ɗauka ya ɗora a Facebook. Ka yi wa infoma aikinsa kyauta. Wani ya sa hoton wanda aka sace da sunansa, har da cewa yayansa babban ma'aikaci ne a Abuja, alhali iyalai na can suna roƙon a rage kuɗi. Ga hotunan gawawwaki da ake yawo da su a WhatsApp tun kafin uwa ta ji.

In labarin hari ya zo maka, faɗi garin da lokacin, ka kira wanda zai iya kai ɗauki. Sunan wanda aka ɗauka da hotonsa, bar wa iyalansa su yanke shawara.